Neman Wanda Ya Ga Habu da Idonsa

Tun da na dawo ban samu sukunin ɗinki yadda ya kamata ba. Duk wanda ya leƙo shagona a kasuwar Kazaure, kafin ya miƙo yadinsa sai ya ce, "Tela, wai yaya tekun nan yake?" Wasu kuma abin da suke son ji shi ne, da gaske akwai masu biyan kuɗi don a kai su ƙarƙashin ruwa? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma akwai wuraren da in na zo sai muryata ta ƙi fita. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba, a yi mini uzuri.

Habu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Gwiwa, amma a Kazaure muka yi firamare a hannun kawunmu, kuma a dam ɗin garin ya koyi iyo. Ni ruwa in ya wuce ƙuguna na fita. Da ya girma ya tafi Legas acaɓa. Da aikin ya ƙi, ya koma wankin jiragen ruwa, har wani ya koya masa nutso da tukunyar iska a baya. Daga nan ya tsallaka Gana, ya samu aiki a wani ƙaramin jirgi mai kai masu hali su nutsa su kalli wani tsohon jirgi da ya daɗe kwance a ƙasan teku. Shi ne mai raka su. Matarsa Rabi da 'yarsu suna gida wajen Inna, mahaifiyarmu, shi kuma yakan zo da babbar salla.

Wata Alhamis da la'asar wani mutum ya kira ni, Hausarsa wata iri. Ya ce sunansa Seidu, shi ke kula da injin jirgin. Ya ce Habu ya shiga ruwa da wani Bature, kwana uku ke nan, ba su fito ba.

Washegari mutane suka fara zuwa gida. Inna ta fito ta tarar an shimfiɗa tabarmi a zaure da ƙofar gida. Ta ce a naɗe. Wata maƙwabciya ta ce, "Inna, ya haƙuri?" Ta dube ta ta ce, "Haƙurin me? Wa kuka binne?"

Na je wajen Liman. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Tsohuwa ba ta yi kuskure ba. Kiran waya daga bakin wanda ba mu sani ba bai isa a ce mutum ya mutu ba. Yarinyar nan Rabi ba za ta shiga takaba a kan wannan ba. In kuwa aka ɗauke shi a matsayin wanda ya ɓace, jiran na shekaru ne, ita ba mai miji ba, ba kuma wadda mijinta ya rasu ba."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, to mene ne abin yi?"

Ya ce, "Wani ya je. Ya samo takardar hukumar can, ya kuma samo wanda ya gani da idonsa, in ji daga bakinsa, ya rantse."

Ni ne babba, ni ne zan je. Ranar tafiya Inna ta miƙo mini ƙullin leda. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, ga wannan. Kuka ce da daddawa da yaji. Ka ce masa na ce ya rage cin abincin mutanen can, wancan zuwan duk ya rame." Na karɓa da hannu biyu.

Daga Kano na shiga doguwar mota zuwa Legas. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijo, Alhaji Ɗanladi, mutumin Kanya Babba, wanda ya shekara talatin yana fataucin goro a wannan hanya. Kafin mu kai Zariya ya san sunan kakana. Da na faɗa masa abin da ya fito da ni, ya yi salati, sannan ya buga cinyarsa.

"Masu kuɗi! Allah ya ba ka gida, ya ba ka mota, ya ba ka mata, ka ce kai sai ka je ka gaishe da kifi a ɗakinsa. Wa ya aike su? Su mutu su kaɗai mana, sai sun ja ɗan talaka?"

Na ce, "Wallahi Alhaji, abin da ke cina ke nan." Kuma gaskiya na faɗa. Duk tsawon hanyar nan da fushin Baturen nan na yi ta, mutumin da ban taɓa gani ba.

A Legas muka kwana a unguwar Hausawa, a shagon wani ɗan'uwan Alhaji, tsakanin buhunan albasa. Da safe muka kama hanyar iyaka. A nan na fara shan kunya. Wani ma'aikaci ya ce in kawo katin allurar shawara. Na miƙa masa katin zaɓe. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Aka kai ni wani ɗaki aka tsira mini allura a dantse, aka ba ni wani kati ruwan ɗorawa. Gaba kaɗan wata mata mai kaki ta buɗe jakata, ta kwance ƙullin Inna, ta kai hanci. Ta ja da baya tana faɗa da Faransanci, ta kira wasu biyu. Alhaji ya ɗebi daddawar ya jefa a baki a gabansu, ya tauna, ya ce, "Magi ne, Madam, magin ƙauye!" Ta toshe hanci ta yi mana alama da hannu mu wuce. Sai da muka yi nisa ya tofar, ya ce, "Tsohuwarku ta iya daddawa, amma kada ka sake sa ni wannan aiki."

A Kwatano na ga mata a kan babura, da goyo a baya da kaya a gaba, suna tsere da maza, ba mai ko waiwayensu. Sefa, kuɗin can, ba baƙuwata ba ce, muna ganinta wajen mutanen Nijar a kasuwar Babura, don haka ban ruɗe ba sai da muka shiga Gana aka canja mini wasu takardun kuɗin.

Tsakanin Kwatano da Lome na fara ganin teku, ta tagar hagu. Dole in faɗi wani abu a nan. Tun daga gida, a raina dam ɗin Kazaure nake gani, sai dai ya fi girma. Ina cewa Habu gwani ne, wataƙila ruwa ya ja shi ya fita ta ɗaya gaɓar, yana wani ƙauye ba waya. Da na duba, na nemi ɗaya gaɓar, babu. Ruwa ne har inda ya haɗu da sama. Na daɗe ina kallo. Alhaji ya lura, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi.

A babban birnin Gana muka rabu. Ya sa ni a motar da za ta yi yamma, ya kira Seidu da wayarsa ya ce, "Ga amana nan na turo maka. Bai san komai ba, ko katin allura bai sani ba." Ya riƙe hannuna ya ce, "Duk abin da ka tarar, ka tarar da shi tsaye."

Na isa garin ranar Litinin da yamma. Garin masunta ne, ko'ina warin kifi da hayaƙi. Seidu ya tare ni a tasha, gajere ne mai furfura a gemu. Ya kalle ni ya juyar da kai, ya ce tafiyata irin ta Habu ce. Ya kai ni zango, unguwar Musulmi, inda kowa ke jin Hausa ko da kakansa bai taɓa ganin Kano ba. Ya buɗe mini ɗakin Habu ya ce a nan zan sauka.

Ɗakin yana nan yadda ya bar shi. Buta a bakin ƙofa da sauran ruwa a ciki. Rigar da na ɗinka masa bara tana rataye a ƙusa, wadda ya ce na matse masa wuya. A ƙarƙashin katifa akwai takalman yara jajaye, sababbi, cikin leda. Na zauna a bakin katifar har aka kira magariba.

Ƙullin Inna na ba matar Seidu. Ta kaɗa miyar kuka a daren, ta aiko mini da tuwo. Na ci don kada in ɓata mata. Sauran kwanakin shinkafa da wake nake saye a bakin titi, wanda suke dafawa da karan dawa ya yi ja. Akwai wani abincinsu na masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, dokunu, ana ci da barkono da soyayyen kifi. Na saba da tsamin. Kifin ne ban iya kaiwa baki ba duk zamana a garin. Ban faɗa wa kowa dalili ba, ba kuma wanda ya tambaye ni.

Na so a kai ni wurin washegari, Seidu ya ce ba dama, ranar Talata ba mai shiga teku a garin, al'adarsu ce tun kakanni. Sai muka tafi ofishin 'yan sanda, muka yini a kan benci, aka ba ni takarda mai hatimi. A hanyar dawowa muka bi ta shagon wani kafinta, na ga ƙaton kifi na katako an yi masa fenti, ya fi ni tsawo. Na ɗauka na wasan yara ne. Seidu ya ce akwatin gawa ne, na wani masunci. Ya ce mutumin ya rasu wata uku da suka wuce, yana cikin sanyi a asibiti, ana jiran dangi su taru, a buga hotonsa a bango, a yi kiɗa. Na ce mu a wajenmu wanda ya rasu da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Seidu ya ce, "Mu ma a zango haka ne." Na yi mamakin al'adar, amma ban raina ta ba. Su suna da gawar da za su ajiye.

Ranar Laraba da sassafe muka je bakin ruwa. Na ga wata Baturiya zaune a kan wani kwale-kwale da aka kife, da furanni a cinyarta. Ba yarinya ba ce, gashinta ya fara fari, fatar hancinta duk ta saɓule da rana. Seidu ya ce matar mutumin ce. Ita ta ɗauki hayar masu nutso daga wata ƙasa suka yi kwanaki suna nema, suka haƙura suka tafi, ita ta ƙi tafiya. Da ita za mu shiga jirgin.

Na tsaya. Na ce, "Malam Seidu, a nemo mini wani jirgin."

Ya ce, "Saboda me?"

Na ce, "Mijinta ne ya kashe mini ƙane. Da ya zauna a gidansa ya ci kuɗinsa, da yanzu Habu yana nan."

Seidu ya ja ni gefe, bayan wata rumfa. Ya ce, "Ɗan'uwa, a waya ban faɗa maka duka ba, don ba a faɗin irin wannan a waya. Ka zo neman abin da na gani, to ga shi. Su biyu suka shiga. Bayan kamar rabin awa Baturen ya fito shi kaɗai. Ya kama tsanin jirgi, ga hannunsa ga ƙafata. Ya cire abin bakinsa ya ce ina Abu, haka yake kiransa. Muka ce bai fito ba. Ya ce akwai tsohuwar komar masunta da ta naɗe a jikin jirgin da ke ƙasan ruwa, ya ga Habu yana yanka ta don ya buɗe musu hanya, ya ɗauka yana bayansa. Ya duba agogon iskarsa. Ni ma na gani, allurar ta kusa ja. Matarsa ta riƙe masa hannu tana ihu. Na ce ya jira in ɗaura masa sabuwar tukunya. Ya ce ba lokaci. Ya mayar da abin bakinsa ya koma."

Na ce, "Ya riga ya fito?"

Ya ce, "Ya riga ya fito. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

Ban san tsawon lokacin da na yi a bayan rumfar nan ba. Da na fito na je gaban matar na tsaya. Turancina na firamare ne, ya gudu ya bar ni. Na dafa ƙirjina na ce, "Habu, brother." Ta miƙe, furannin suka zube. Ta miƙo hannu, ta tuna wani abu, ta janye, ta dafa nata ƙirjin. Muka tsuguna mu biyu muna tsince furanni daga yashi.

Tafiyar ta fi awa guda. Tun ba mu yi nisa ba cikina ya juya, na yi ta amai a gefen jirgi, matuƙin yana dariya yana cewa wai wannan ne yayan Habu. Matar ta ciro alewar citta daga jakarta ta ba ni. Sannan ta matso da wayarta ta nuna mini wani bidiyo da ta ɗauka a safiyar ranar. Ga Habu cikin baƙar rigar roba, yana zaune a daidai inda nake zaune, yana koya wa mijinta cewa "sannu da aiki". Mutumin yana faɗa a karkace, Habu yana dariya yana girgiza kai yana cewa a sake. Wata goma rabona da jin dariyar nan. Na kalla sau uku, ta bar ni, ba ta karɓi wayar ba sai da na miƙa mata.

Can matuƙin ya duba wata na'ura ya kashe inji. Seidu ya ce, "Nan ne."

Na duba. Ba dutse, ba itace, ba wata alama. Ruwan wurin daidai yake da na ko'ina. A gida ko kabarin da ya shekara ashirin za ka samu wanda zai ce maka ga shi nan kusa da waccan bishiyar. Nan kuwa in aka ce in nuna wurin gobe, ba zan iya ba.

Matar ta riƙa jefa furanninta ɗaya bayan ɗaya, tana magana ƙasa-ƙasa. Da ta zo kan na ƙarshe sai ta miƙo mini. Na girgiza kai, na ce wa Seidu ya gaya mata mu ba haka muke yi ba, kada ta ji haushi. Ta ce to yaya muke yi? Na tambayi Seidu gabas, ya nuna mini. Muka ɗaga hannu ni da shi, jirgi yana rawa da mu, na roƙa wa Habu gafara da rahama, na roƙi Allah ya karɓi mutuwarsa a matsayin shahada, ya sa ruwan nan ya zame masa sanyi. Matar ta sunkuyar da kai har muka shafa. Furen ƙarshen ta jefa shi da kanta, ta ce, "Abu."

Masu tambayata ko akwai masu biyan kuɗi su shiga ƙarƙashin ruwa, akwai su. Har yau ban gane abin da suke nema a can ba, kuma har yau ina cewa da bai zo ba, da Habu bai shiga ba a ranar. Amma mutumin ya kama tsani, ya ga matarsa, ya ga agogonsa, ya koma saboda ɗan ƙauyen Gwiwa. Duka biyun gaskiya ne, na kasa ajiye ɗaya in ɗauki ɗaya. Abin da nake roƙo kawai, wanda zai yi dariyar masu kuɗin da teku ya ci, ya bari sai ya fita daga shagona.

Da muka sauka na kira Liman, na buɗe muryar wayar, na miƙa wa Seidu. Bayan gaisuwa Liman ya ce, "Malam Sa'idu, kai ka ga shigarsa?"

"Ni na ɗaura masa tukunyar, Allah ya gafarta Malam."

"Iskar cikinta ta tsawon wane lokaci ce?"

"A wannan zurfin ba ta kai awa guda."

"Ku kuma kun jira har yaushe?"

"Har rana ta faɗi. Muka riƙa dawowa kullum, in ban da Talata, har kwana tara."

"Akwai tsibiri kusa, ko wani jirgi da zai iya tsintarsa ba ku sani ba?"

"Babu, Malam. Mu kaɗai ne, kuma idona bai bar ruwan ba."

Liman ya sa shi ya rantse, ya rantse. Sai na ji Liman ya yi salati a hankali. Ya ce, "Tela, kana ji na? Rabi za ta ƙirga takabarta daga ranar da ya shiga. Amma kada ka faɗa wa tsohuwa ta waya. Ka zo da bakinka."

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Iyakokin nan uku na wuce su ba wanda ya buɗe jakata. Kwana uku ina shirya maganar da zan yi, ina rushewa. Daga Kazaure na hau babur zuwa ƙauye, na isa bayan la'asar, an fara yankan gero.

Rabi ce ta fara ganina, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa. Ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Ta ajiye rariyar, ta cire 'yan kunnenta ɗaya bayan ɗaya, ta shige ɗaki.

Inna tana bakin ƙofarta a kan buzu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi hanya, ta sa aka kawo mini ruwa, ta jira na sha. Duk maganar da na shirya ta tafi.

Ta ce, "Ka je wurin?"

Na ce, "Na je, Inna."

"Da ƙafarka?"

"A jirgi. An kai ni har kansa. Wanda ya gani ya rantse wa Liman."

Ta daɗe tana kallon carbinta. Ta ce, "Shi kaɗai ne a ciki?"

Na ce, "A'a. Akwai wanda ya koma ɗauko shi. Suna tare."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To, da sauƙi. Tun yana ƙarami ba ya son zama shi kaɗai."

Ta dafa bango ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta ce, "Kai, je ka faɗa wa mutane. A shimfiɗa tabarmin."